Idon Dattijo a Bakin Dandali: Yadda Gobirawa Suke Gane Ɗan Kokawa

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙasar Gobir, tsakanin Isa da Sabon Birni, inda gulbin Bunsuru da na Gagare suke haɗuwa su zama Rima, har gulbin Maraɗi ya zo daga arewa ya faɗa cikinsa, ya san cewa idan kaka ta yi, aka ɗaure damman gero aka kai rumbu, farin wata kuma ya fito, to samari ba su da wani zance sai na kokawa. Amma abin da yawancin masu kallo ba su lura da shi ba shi ne, a gefen dandalin kokawa, can bayan makaɗa, akwai waɗansu dattawa da suke zaune a kan buzu ba su tafi ba su ihu, waɗanda aikinsu shi ne su duba yaran nan ɗaya bayan ɗaya, su ware wanda zai ɗauki sunan gari ya kai shi wani gari daga wanda ƙarfinsa bai wuce unguwa ba. Wannan fanni na gane gwani tun bai ƙosa ba, wanda malamai za su sa shi a babin firasa, shi nake nufin in yi bayaninsa, domin ina jin tsoron kada ya ɓace tare da ma'abotansa.

Asalin al'amarin yana komawa ne ga halin da Gobir ta zauna a cikinsa na tsawon zamani, domin ƙasa ce da aka sani da yaƙi tun kafin Bawa Jan Gwarzo ya hau gadon sarauta a Alkalawa, kuma bayan da birnin ya faɗi a hannun masu jihadi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa, yaƙin bai kwanta ba, sai dai ya sake fage. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya wani daga cikinsu, Ɗan Halima, ya baro can da jama'arsa ya kafa Sabon Birni ba nesa da kufan Alkalawa ba. Isa kuwa ta zama ribaɗi a hannun zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Mutanen da ke zaune a irin wannan bakin daga, waɗanda kowane rani suna sauraron kuge, tilas ne su san wane saurayi ne zai tsaya in an yi arangama, wane ne kuma zai ba da baya, alhali kuwa babu inda ake ganin haka ba tare da an zubar da jini ba sai a fagen kokawa.

Ba kuma baƙon abu ba ne ga Musulmi a auna saurayi da kokawa. Malaman sira sun ruwaito cewa a ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake duba runduna yana mayar da ƙananan yara gida, ya karɓi Rafi'u ɗan Khadiju saboda gwani ne a harbin kibiya, ya mayar da Samura ɗan Jundubu. Da aka sanar da shi cewa Samura yana kayar da Rafi'u a kokawa, sai shi ma aka ba shi izini, duk da cewa shekarunsu ba su wuce goma sha biyar ba. Ke nan hujjar da ta shigar da yaron cikin sahun maza ita ce abin da aka sheda ya aikata a fage.

To, me dattijon nan yake dubawa? Ya fara ne tun yaro yana wasan langa, ya riƙe ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗayar, domin wanda aka bangaje shi sau uku bai saki ƙafarsa ba, an san ƙugunsa ya zauna. Yana ganinsa a gonar gayya, ko yana cikin masu fara kunya da gudu su sare kafin hantsi, ko kuwa cikin masu tafiya da sannu har azahar numfashinsu bai sauya ba. Yana ganinsa a bakin rijiya yana jan guga, da kuma ranar da ya fara ɗora damin gero a kai shi kaɗai. In aka kawo masa yaron, sai ya kama wuyan hannunsa ya matsa, ya dafa ƙeyarsa ya danna ƙasa ya ji ko wuyan zai ba da kai, ya dubi sha-raɓa da faɗin tafin ƙafa, sa'an nan ya sake shi, in ya gamsu ya ce, "Wanga yaro na da ƙashi." Ko da yake ana cewa alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba, su waɗannan dattawa ba su ɗauki ƙiba a bakin komai ba, don sun sha ganin siriri ya sa taɗiya ya kifar da ƙato.

Duk da haka ƙashi rabin hukunci ne kurum. Sauran rabin sai ranar da yaron ya sha kaye a gaban 'yan mata da makaɗa. A nan ne dattijo yake gyara zama, ya zuba ido ya ga yadda zai tashi: ko zai kaɗe ƙura daga walkinsa ya miƙa wa abokin karawarsa hannu, gobe kuma ya dawo ya nemi shi wannan ɗin dai, ko kuwa zai ɗora laifin a kan laya da kambu, ya ƙaurace wa dandali har wata ya mutu. Na farko shi ake cewa yana da zuciya, shi ne kuma Sarkin Samari zai sa a gaba in an tafi gayyar wani gari, makaɗi ya fara neman kirarin da zai dace da shi.

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta bar Tsibiri a wancan gefe na Nijar, Sabon Birni a wannan na Najeriya, amma ba ta hana 'yan kokawa ƙetarawa ba. Sai dai a Nijar ne hukuma ta rungumi al'adar, ta kafa gasar ƙasa a Tawa a 1975, zamanin Shugaba Seyni Kunce, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama zakara na farko, har aka sa wa filin kokawar Maraɗi sunansa. A yau kowace jiha daga cikin takwas tana tace mutum goma ta tura su neman takobin da ake ba zakaran gasar, kuma tacewar tana somawa ne daga ƙauyuka, watau daga idon dattawan nan.

Nakan kwatanta wannan da abin da ake yi a Amurka, inda tun 1936 ƙungiyoyin ƙwallonsu na ƙwararru suke zaɓen 'yan wasa daga ɗaliban jami'a, kuma kowace shekara ana tara samarin a birnin Indiyanafolis a auna tsawonsu da nauyinsu, a ƙidaya daƙiƙun da suke gudun yadi 40, da sau nawa suke ɗaga ƙarfe mai kilo 102. Tare da dukkan wannan lissafi, a shekarar 2000 sai da aka ɗauki mutum 198 kafin a waiwayi Tom Brady, wanda daga baya ya ci babban kofinsu sau bakwai, saboda ma'auni yana iya faɗin ƙarfin cinya, amma haƙuri da natsuwa a lokacin tsanani ba su bayyana sai ga wanda ya daɗe yana kallon mutum. Dattijon Gobir ba shi da agogo, amma yana da shekara goma na sanin yaron da uban yaron.

Abin baƙin ciki shi ne, fitinar 'yan bindiga da ta addabi Isa da Sabon Birni, wadda tun 2019 ta kori dubban mutane zuwa jihar Maraɗi, har ta kai ga kisan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a 2024, ta sa ƙauyuka da dama ba a fita dandali bayan isha'i. Yaran da ya kamata a ce ana kallonsu suna langa suna girma a sansanin gudun hijira, dattawan da suka iya dubawa kuwa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya ba su sami wanda za su koya wa ba. Saboda haka ina roƙon sarakunanmu da hukumomin ƙananan hukumomin nan biyu, ko da rana tsaka ne, ko da a cikin gari ne inda tsaro ya samu, su raya kokawar kaka, su kuma shimfiɗa wa tsofaffin 'yan kokawa buzu a gaba, su sa matasa su zauna kusa da su suna jin abin da suke faɗa game da kowane yaro. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Gobir, amin.