Masu Farautar Sunayen Itatuwa a Ƙasar Hausa

Akwai wani icce da ke tsirowa cikin duwatsu a kudancin ƙasar Hausa, ɓawonsa na saluɓewa kamar takarda, ana turare da ƙaronsa. Hausawa na ce masa hano, wasu su ce ararraɓi. A littattafan masana tsirrai kuwa sunansa Boswellia dalzielii. Kalma ta biyu sunan mutum ce: John Dalziel, likita ɗan Sikotilan, wanda ya shigo Arewacin Nijeriya a shekara ta 1905 cikin ma'aikatan lafiya na mulkin mallakar Ingila.

Ba don itace aka aiko shi ba. Duba marasa lafiya shi ne aikinsa, tsirrai kuwa sha'awa ce. Duk inda aka kai shi, Katagum ko Sakkwato ko Yola, sai ya tsinki ganye da fure, ya danne su cikin takarda har su bushe, ya aika da su lambun Kew da ke London. Abin da ya bambanta shi da sauran matsinta shi ne tambaya: mi ake ce wa wannan, mi ake yi da shi? Daga amsoshin nan ya fitar da A Hausa Botanical Vocabulary a 1916. Daga baya sha'awa ta rinjayi sana'a. Ya ajiye likitanci ya koma Kew, shi da John Hutchinson suka rubuta kundin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936, a 1937 kuma ya wallafa The Useful Plants of West Tropical Africa.

A ɓangarenmu na Faransa, Auguste Chevalier ne ya raɗa wa gawo sunan Faidherbia a 1934, don tunawa da Faidherbe, tsohon gwamnan Senegal. Manomin Matamaye da ya san gawo na zubar da ganye da damina, ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma ƙosar da bisashe da ƴaƴansa da rani, bai san iccen gonarsa na ɗauke da sunan wani sojan mulkin mallaka ba. Bayan samun ƴancin kai aikin ya ci gaba: Peyre de Fabrègues ya tattara sunayen tsirran Nijar cikin harsunan ƙasa a 1977, ayarin Adjanohoun ya fitar da littafin itatuwan magani a 1980, Mahamane Saadou na jami'ar Yamai ya kammala babban bincikensa a 1990.

Ba za a raina wa mutanen nan ƙoƙarinsu ba; ba don su ba, da sunaye da dama sun bi masu su kushewa. Amma wa ya faɗa masu? Makiyaya ne, da mahalba, da bokaye, da matan da ke fita neman tafasa da yaɗiya da jiga. Sunan ɗayansu bai hau bangon littafi ba, alhali kuwa saninsu ba na nishaɗi ba ne. Shekara biyu kafin fitowar ƙamus ɗin Dalziel, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta ratsa ƙasar Hausa, mutane suka koma ga ƙwayar ƙarangiya da anza. Anza na da ɗaci, tana kuma cutarwa in ba a sarrafa ta ba: sai an jiƙa ta kwanaki, ana zubar da ruwa ana sakewa, kana ta ciwu. Littafi na iya rubuta Boscia senegalensis ya ce ana ci lokacin yunwa, amma sanin ranar da ɗacin ya fita, a harshen tsohuwa yake. Sanin nan aka sake nema a 1973, da 1984, da 2005.

Wani abu guda ya kamata malaman Hausa su lura da shi. A ƙamus ɗin 1916 sunan Hausa ne ke gaba, na Latin na biye, ta yadda wanda ya san sabara ko kalgo ko aduwa zai buɗe ya same su kai tsaye. A littafin 1937 tsarin ya juya: an jera tsirrai dangi dangi da sunayen Latin, na Hausa suka koma ƙasa, cikin jerin sunayen sauran harsuna.