Tarihin Bijirewar Zazzaɓin Cizon Sauro ga Kulorokwin

Bijirewa ga magani ita ce halin da ƙwayar cuta ke shiga idan maganin da a da yake kashe ta ya daina yi mata illa, kuma mafi shaharar misalinta a ƙasar Hausa shi ne na kulorokwin, wanda Hans Andersag ya haɗa a kamfanin Bayer na Jamus a 1934. Ƙwayar maleriya tana cin jan sinadarin jini, sai ta daskarar da dafin da ke fitowa daga wannan abinci don kada ya halaka ta. Aikin kulorokwin shi ne hana daskarewar. Sauyin da ya auku a halittar wasu ƙwayoyin ya ba su ikon fitar da maganin daga jikinsu, kuma da yake su ne ke tsira bayan kowace jinya, su ne sauro ke ci gaba da yaɗawa.

An fara ganin bijirewar a ƙarshen shekarun 1950 a kan iyakar Tailan da Kambodiya da kuma ƙasar Kolombiya, ta iso Gabashin Afirka a 1978, sannan ta bayyana a Nijeriya cikin shekarun 1980. Abin da ya ƙara mata ƙarfi a nan shi ne yadda ake sayen ƙwaya biyu ko uku a kemis, a daina sha da zarar jiki ya yi sanyi, ga kuma ƙaiƙayin da maganin ke haddasa wa baƙar fata da yawa, wanda ya sa ba kowa ke iya kammala shi ba. Nijeriya ta yi jinkiri ainun, domin sai a 2005 ta koma ga haɗin magungunan da ke ɗauke da atimisinin, alhali Malawi ta janye kulorokwin tun 1993.

A 2013 aka fara raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya na damina a Jihar Katsina, bisa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2012. Ga garuruwan jihar irin su Ɗantutture, inda damina ke raya sauro, batun bijirewa bai zama tarihi ba tukuna, domin an tabbatar da alamun bijirewa ga atimisinin kansa a Ruwanda a 2020.