Daftarin da ya ɓoye sunan mai shi

A ɗakin littattafan Cibiyar Kimiyya ta ƙasar Hangari, a birnin Budapest, akwai wani rubutun hannu mai lamba Török F. 59. Jerin littattafan fadar Topkapi ne ta Santambul, mazaunin sarakunan Usmaniyyar Turkiyya. Ya lissafa wallafe-wallafe wajen 7,200 cikin mujalladai kusan 5,700, kama daga tafsiri da fiƙihu har zuwa likitanci da ilimin taurari. Sai dai wa ya rubuta shi, kuma a zamanin wane sarki?

Da masanin nan Baturke, Ismail Erünsal, ya gabatar da daftarin a 1988, shekara ta 959 ta hijira ya ba shi, wato 1552, zamanin Sarki Sulaimanu. Daga baya shi da kansa ya gyara zuwa 909, wato 1503 zuwa 1504. Wanda ya saba da alƙaluman Larabci ya san tazarar ba ta da yawa a takarda: biyar ɗan zobe ne, sifiri kuwa ɗigo. A tarihi fa shekara hamsin ce cur. Da wannan gyara taskar ta koma hannun Bayazidu na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1481 zuwa 1512.

Farkon daftarin na ɗauke da ramzi, wato kalmomin da in aka tara ƙimar baƙaƙensu sai shekara ta fito: an tsara aikin a 908, an kwafe shi tsaf a 909. Malamanmu masu waƙoƙin ajami sun san wannan dabara sarai, ko da yake su lissafin Magariba suke bi, inda shinun ke dubu, alhali a Gabas gainun ce dubu. Mai warware ramzi da ya rikita su biyun ya yi ɓatan kai. Akwai kuma wata shaida: littattafai da dama da aka jera suna nan har yau a Turkiyya, ɗauke da hatimin Bayazidu.

Sunan marubucin kuwa ba a bangon ya fito ba. Can cikin sashen likitanci yake, inda mai jerin ya iso kan littattafan da shi kansa ya wallafa, ya ambaci Atufi, ya siffanta shi da hadimin littattafan taskar sarki. Shi ne Hairuddini Hiliru Atufi, mutumin Merzifon, wanda ya rasu a 1541, shekara goma sha ɗaya kafin 1552. 

A 2019 Gülru Necipoğlu da Cemal Kafadar da Cornell Fleischer suka buga daftarin cikin mujalladi biyu, tare da hoton kowane shafi.