Cinikin da Detroit ta yi a 1987

1/ Masu kukan ƙungiyarku ta sayar da yaro mai tasowa, ku zo ku ji ta besbol ɗin Amurka.

2/ Agustan 1987, Detroit Tigers na neman kofi ido rufe. Suka ba Atlanta ɗan shekara 20, John Smoltz, suka karɓo gogaggen mai jifa Doyle Alexander, ɗan 36.

3/ Dattijon ya ci wasa 9, bai faɗi ko ɗaya ba, suka lashe rukuninsu. Sai Minnesota ta yi waje da su.

4/ Smoltz kuwa kaka 20 ya buga wa Atlanta, har da kofin 1995. Detroit fa? Tun 1984 shiru.

5/ Amma ni ban ga laifinsu ba. Kafin cinikin, wasa 4 yaron ya ci a ƙaramar gasa, ya faɗi 10.