Anita Mui da Birnin da Aka Sa wa Wa'adi

Duk wanda ya yi kallon finafinan Jackie Chan a zamanin kaset ɗin bidiyo zai iya tuna matar uban nan mai wayo a fim ɗin Drunken Master II na 1994, wadda take caca a bayan idon mijinta, tana rufa wa ɗan mijin asiri, tana kuma zuga shi idan faɗa ya taso. Jackie Chan ya girmi matar da ta fito a wannan matsayi da shekara tara. Sunanta Anita Mui, ko Mui Yim-fong a harshen garinsu. Masu kallo a waje sun san ta da barkwanci, amma a Hong Kong ita ce mawaƙiya mace mafi girma a zamaninta, kuma tarihin rayuwarta ya tafi kafaɗa da kafaɗa da shekaru ashirin mafi zullumi a tarihin birnin.

An haife ta ranar 10 ga Oktoba, 1963, ita ce auta cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinta ya rasu tana ƙanƙanuwa, gida kuma babu abin hannu. Tana da shekara huɗu da 'yan watanni ta fara hawa dandamali tare da yayarta Ann a filin wasanni na Lai Chi Kok, daga nan suka riƙa zagaya gidajen rawa da wuraren cin abinci suna waƙa a biya su. Ta bar makaranta ba ta gama sakandare ba. A lokacin, yarinyar da take waƙa a gidan rawa ba ta da daraja a idon jama'a, kuma ta sha gori daga 'yan ajinsu. Amma waɗannan shekaru sun koya mata yadda ake riƙe hankalin taron da ya zo cin abinci da hira, ba sauraron waƙa ba.

Shi ma harshen da ta yi suna da shi bai daɗe da samun mutunci ba. Mutanen Hong Kong da Kantonis suke magana, amma har farkon shekarun 1970 waƙar da ake ganin ta masu aji ita ce ta Turanci ko ta Mandarin. A 1974 ne gwamnatin mulkin mallaka ta Birtaniya ta amince da Sinanci a matsayin harshen hukuma, kuma a daidai wannan lokaci Sam Hui da waƙoƙin wasannin talabijin suka nuna cewa harshen kasuwa da titi zai iya ɗaukar waƙar zamani. 'Ya'yan 'yan gudun hijirar da suka tsallako daga babban yankin Sin sun girma, ba su san wani gida ba sai Hong Kong, suna kuma neman muryar da za su kira tasu.

A 1982 gidan talabijin na TVB ya shirya gasar sababbin mawaƙa karo na farko. Mutum fiye da 3,000 suka shiga, Anita Mui ta zo ta ɗaya tana da shekara 18. Muryarta mai kauri ce, ƙasa-ƙasa, saɓanin siririyar muryar da aka saba ji daga mata. Kamfanin Capital Artists ya ɗauke ta, ya haɗa ta da mai zanen tufafi Eddie Lau, wanda ya riƙa sauya mata kama da kowane sabon faifai: yau kwat ɗin maza da baƙin tabarau, gobe shigar gimbiya. Daga nan ta sami laƙabin mai sauye-sauye ɗari. Faifanta na 1985, Bad Girl, ya sayu fiye da kwafi 400,000, duk da cewa wasu gidajen rediyo sun ƙi sa babbar waƙar cikinsa saboda ta fito da mace tana maganar sha'awarta a fili. Waƙar kanta juyi ce daga wata waƙar Sheena Easton, kamar yadda da yawa daga waƙoƙin zamanin aka aro karinsu daga Japan da Turai aka sa musu baitocin Kantonis. A ƙarshen shekarar ta fara jerin dare 15 a babban zauren Hong Kong Coliseum, wanda ke ɗaukar mutum kusan 12,500. Daga baya ta yi dare 28, sannan dare 30. Shekara biyar a jere, daga 1985 zuwa 1989, tana karɓar kambin fitacciyar mawaƙiya na TVB, har a 1990 ta sanar cewa ta daina shiga gasar kyaututtuka.

Duk wannan ya faru ne a ƙarƙashin wani wa'adi. A Disamba 1984 Birtaniya da Sin suka sa hannu kan yarjejeniyar mayar da Hong Kong hannun Beijin ranar 1 ga Yuli, 1997, tare da alƙawarin cewa tsarin rayuwar birnin ba zai sauya ba har shekara 50. Ba a nemi ƙuri'ar mazauna birnin ba. A cikin wannan yanayi fim ɗin Rouge na Stanley Kwan ya fito a farkon 1988. Mui ta fito a matsayin Fleur, wata karuwar gidan shaƙatawa a shekarun 1930, wadda suka yi alƙawarin mutuwa tare da masoyinta, ɗan masu kuɗi, wanda Leslie Cheung ya taka rawarsa. Ita ta mutu, shi ya rayu. Bayan shekara 53 fatalwarta ta dawo nemansa, ta tarar an rushe unguwar da ta sani, babu titin da take ganewa. Masu kallo ba su buƙaci a fassara musu labarin macen da ta riƙe alƙawari rabin ƙarni, ta kuma iske ɗaya ɓangaren bai cika ba. Fim ɗin ya ba ta kyautar fitacciyar jaruma a bikin Golden Horse na Taiwan da kuma bikin finafinan Hong Kong.

Shekarar 1989 ta gwada ta a zahiri. Ranar 27 ga Mayu ta yi waƙa a taron sa'o'i goma sha biyu da mawaƙan Hong Kong suka shirya a filin sukuwa na Happy Valley don tallafa wa ɗaliban da ke zanga-zanga a dandalin Tiananmen. Mako guda bayan haka sojoji suka murƙushe zanga-zangar. Waɗanda suka jagoranci aikin fitar da 'yan gwagwarmaya daga Sin a asirce sun shaida daga baya cewa ta taimaka da kuɗinta. Ta kuma ƙi zuwa Shanghai ɗaukar fim ɗin Center Stage, duk da cewa ita aka tsara ta fito a babban matsayin. Maggie Cheung ce ta maye gurbinta, ta kuma ci kyautar fitacciyar jaruma a Berlin da shi. Ga mawaƙiyar da babbar kasuwarta ta gobe take babban yankin Sin, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Bayan wasu shekaru ta koma tana wasa a can, ta kuma shiga gangamin tara kuɗi lokacin ambaliyar ruwa, domin rigimarta da masu mulki ce, ba da jama'ar ƙasar ba.

A 2003 musibu suka yi wa Hong Kong taron dangi. Annobar SARS ta kashe mutum 299 a birnin. Ranar 1 ga Afrilu Leslie Cheung, amininta na shekara ashirin, ya kashe kansa bayan fama da ciwon damuwa. A watan Mayu, a matsayinta na shugabar ƙungiyar 'yan wasa da mawaƙa, ta jagoranci wasan tara kuɗi don iyalan da annobar ta shafa. An sa masa suna 1:99, wato ma'aunin da hukumomin lafiya suka ce a riƙa haɗa ruwan bilic da ruwa wajen goge gida. Ta yi wannan aiki tana ɗauke da sankarar bakin mahaifa, cutar da ta kashe yayarta Ann a 2000. A Satumba ta sanar da jama'a. A Nuwamba ta yi dare takwas a Coliseum, ta rufe da farar rigar amare da Eddie Lau ya ɗinka mata. Ba ta taɓa aure ba, kuma ta bayyana wa masu kallo cewa dandamalin ne ta aura. Ta hau dogon tsani zuwa ƙofar da ke saman dandamalin, ta juyo ta ɗaga musu hannu. Ta rasu ranar 30 ga Disamba, 2003, tana da shekara 40.

A 2014 aka kafa mutum-mutuminta na tagulla a bakin tashar ruwan Victoria, da rubutun da ya kira ta 'Yar Hong Kong. A 2021, shekara guda bayan dokar tsaron ƙasa da Beijin ta shimfiɗa wa birnin, fim ɗin tarihin rayuwarta mai suna Anita ya fito, ya kuma fi duk finafinan gida ciniki a wannan shekarar. An nuna talaucin ƙuruciyarta, da yayarta, da Leslie Cheung, da annobar SARS, da farar rigar. Taron Happy Valley da duk abin da ya shafi 1989 ba su fito a cikinsa ba. Da yawa daga waɗanda suka cika gidajen silima suna kuka sun halarci wancan taro da kansu, ko kuma sun kalle shi kai tsaye a talabijin shekara 32 da suka wuce.