Alhaji Balarabe Musa, Manomin da ya Soke Haraji

Wataƙila wani cikin masu karatu zai yi mamakin ganin sunan Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a littafin tunawa da ma'aikatan En'e, alhali kuwa shi ne ya kawar da aiki mafi nauyi da magabatanmu suka riƙe, watau karɓar haraji da jangali. To, dalilin ke nan ma da ya sa na ga ya kamata a rubuta shi, domin labarin ma'aikata ba ya cika sai an haɗa da na wanda ya ja da su.

An haife shi a Kaya, cikin ƙasar Zazzau, a 1936. Ya shiga Midil ta Zariya a 1947, ya fita a 1952. Ya ɗan taɓa aikin akawu, ya yi malanta, sa'an nan ya tafi Ingila ya koyo lissafin kuɗi, ya yi shekaru yana wannan aiki. Amma tun yana saurayi zuciyarsa tana wajen NEPU ta Malam Aminu Kano. Daga baya ya ajiye alƙalami ya kama noma, yana cikin haka siyasa ta same shi.

Duk wanda ya taɓa buɗe tsofaffin littattafan kotu ya san abin da haraji yake a wurin talaka. Da kaka ta yi sai hakimi ya matsa wa dagaci, dagaci ya matsa wa mai unguwa, mai unguwa ya je ya tsaya a ƙofar gidan manomi. Shi kuwa manomi ba shi da kuɗi sai hatsi, tilas ya kai kasuwa ranar da kowa ke kaiwa, ya sayar da araha, in bazara ta yi ya komo ya saya da tsada, ko ya ci bashi. Wanda ya kasa biya, ko ya bar gari, ko ya kwana a hannun hukuma. Bafulatani kuma da ya ji an fara ƙidayar shanu sai ya kora garkensa daji. Ban ce magabatanmu azzalumai ba ne. Da kuɗin nan baitulmali ya biya alƙalai da 'yan doka, ya gina ɗakunan shan magani da makarantun elementare, har da Midil ɗin da shi Balarabe ya yi karatu. Sai dai mai riƙe da rasit bai cika sanin abin da aka sayar kafin a biya shi ba.

A 1976 aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi, amma haraji bai bi ta ba. A zaɓen 1979 Balarabe ya tsaya a jam'iyyar PRP, ya ka da Alhaji Lawal Kaita na NPN, aka rantsar da shi Gwamnan Jihar Kaduna ran 1 ga Oktoba, lokacin Katsina tana cikinta. Bai daɗe da hawa ba ya soke haraji da jangali, kamar yadda Alhaji Abubakar Rimi ya yi a Kano. Ya kuma kafa hukumar da za ta binciki gonakin da talakawa ke kukan an ƙwace musu.

To, amma majalisar dokoki ta NPN ce. Ya kai sunayen kwamishinoninsa suka ƙi, ya sake kaiwa suka sake ƙi, shi kuma ya ƙi ba su abin da suke nema, har ya ƙare mulkinsa ba kwamishina ko ɗaya. Ran 23 ga Yuni, 1981, suka tsige shi, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya gaje shi. Shi ne gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. Dattawanmu na Ƙofar Galadima har yau sukan yi gardama a kan wannan. Waɗansu su ce taurin kai ne, da ya sassauta da ya ƙara shekara biyu yana yi wa talakawa aiki. Ni da na saba ganin sulhu yana kashe shari'ar da hukunci ya gaza, nakan ji su, amma ban ga abin da zai miƙa wa majalisar nan ba face abin da aka zaɓe shi dominsa.

Ya koma gonarsa, bai kuma bar PRP ba, ya shugabance ta har 2018. Ya rasu a Kaduna ran 11 ga Nuwamba, 2020, yana da shekara 84. Allah ya ji ƙansa, ya ji ƙan magabatanmu, amin.