Haifaffen Zariya a Filin Ƙanƙara

Titin da ya taso daga Gyadi-Gyadi ya ratsa Unguwa Uku a Kano sunansa titin Zariya, kuma a garin da ya ba shi wannan suna aka haifi Rumun Ndur ranar 7 ga Yuli, 1975. Da wuya a sami direba ko ɗan kamasho a tashar Unguwa Uku da ya taɓa jin sunansa. Amma shi ne haifaffen Najeriya na farko da ya buga wasa a NHL, gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara da ta fi kowacce girma a duniya. A wajenmu ƙanƙara abar saye ce, a jefa a zoɓo ko kunun aya idan azumi ya faɗo cikin bazara. A Kanada kuwa fili ce da yara ke tashi a kanta.

Wasan a Montreal ya sami tsari. A can aka buga karawa ta farko a rufaffen fili ranar 3 ga Maris, 1875, da ɗan faifan katako maimakon ƙwallo, don kada ya tashi ya ji wa 'yan kallo ciwo. An fara ba da Kofin Stanley, kofin zakarun wasan, a 1893, aka kafa NHL a 1917. Baƙaƙen fata ba baƙi ba ne a cikinsa, domin tun 1895 suna da gasarsu a yankin Nova Scotia, wadda majami'unsu suka tsaya mata. Duk da haka ƙofar NHL ba ta buɗe wa baƙar fata ba sai ranar 18 ga Janairu, 1958, da Willie O'Ree ya sa rigar Boston Bruins, yana ɓoye cewa idonsa na dama ya riga ya mutu.

Manyan filaye ba su ne tushen wasan ba. Tushensa kududdufan da ke daskarewa da hunturu ne, da bayan gida inda uba zai malala ruwa da dare, gari ya waye ya zama fili. Yaro ɗan shekara uku ko huɗu ake fara ɗaura wa takalmin, mai siririn ƙarfe a ƙasa, a kifa masa hular kwano. Darasin farko shi ne faɗuwa: a koya masa ya zube ta gefe, ya durƙusa, ya kafa ƙafa ɗaya, ya dafa gwiwa da hannu biyu ya miƙe. Daga nan sai tafiyar agwagwa, gwiwa a lanƙwashe, wani lokaci yana tura kujera a gabansa. Sanda da faifai sai ƙafa ta zauna. Wanda ya fara a wannan shekaru, kafin ya kai goma ya daina tunanin ƙafafunsa, hankalinsa duk ya koma kan wasa, kuma wannan rata ce da wanda ya fara a makare yake shan wuya kafin ya cike.

Ndur ya samu wannan gata. Iyayensa sun ƙaura da shi yana ƙarami, ya tashi a Hearst, wani ɗan gari a arewacin Ontario inda akasarin mutane Faransanci suke yi, hunturu kuma yakan cinye kusan rabin shekara. Ya yi wasan matasa a Guelph, ƙungiyar Buffalo Sabres ta zaɓe shi a 1994, daga baya ya buga wa New York Rangers da Atlanta Thrashers. Ɗan baya ne, ƙaƙƙarfa, irin waɗanda ake turawa idan wasa ya yi tsami. Wasa 69 ya buga a NHL, sannan ya ci gaba a Turai, har da Ingila. Bai zama tauraro ba, amma ya isa inda dubban 'ya'yan Kanada suka yi mafarki ba su isa ba.

Tauraron shi ne Jarome Iginla, wanda aka haifa a Edmonton a 1977, mahaifinsa Bayarabe. Bayan rabuwar iyayensa, kakansa na wajen uwa ne ya riƙa kai shi fili. Ya ci ƙwallo 625 a NHL, ya yi kyaftin na Calgary Flames, ya ci zinare a Olamfik sau biyu, 2002 da 2010.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na Akim Aliu ne. An haife shi a Okene a 1989, uba ɗan Najeriya, uwa 'yar Yukiren. Ya yi ƙuruciya a Kiev, suka isa Toronto yana kimanin shekara bakwai, ba Turanci a bakinsa, gidansu ba wadata. Takalminsa na farko na gwanjo ne. Ya fara bayan tsararrakinsa sun yi nisa, amma ya kamo su ya wuce. A 2005, yana ɗan shekara 16 a ƙungiyar matasa ta Windsor, manya suka nemi su cusa shi tsirara tare da sauran sababbi a ban ɗakin motar ƙungiya, wai al'ada ce. Ya ƙi. Ba a jima ba wani babba a ƙungiyar ya maka masa sanda a baki wajen atisaye, ya zubar masa da haƙora. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san irin wannan zalunci da ake laƙaba wa sunan horo, ya kuma san cewa wanda ya ƙi sunkuyawa shi ake kira mai taurin kai. Haka sunan ya bi Aliu. Chicago ta zaɓe shi a 2007, amma wasa bakwai kacal ya samu a NHL, duka a Calgary, inda ya tarar da Iginla yana kyaftin.

A Nuwamba 2019 ya fito ya faɗi cewa kocinsa na shekaru goma baya, Bill Peters, ya zazzage shi da kalmar cin mutuncin baƙar fata. Cikin 'yan kwanaki Peters ya ajiye aikinsa a Calgary. A Yuni 2020 Aliu da wasu 'yan wasa suka kafa Hockey Diversity Alliance, kuma cikin ayyukanta akwai kai kayan wasa da horo kyauta ga yaran unguwannin marasa ƙarfi. A ganina nan ya taɓa inda ciwon yake. Takalmi da sanda da sulken jiki da kuɗin fili sun mayar da wasan na masu hali, yaro kuma kullum girma yake, kayan bara ba sa shigarsa bana.

Hukumomin wasan ma sun gyara wasu abubuwa. A 2013 Kanada ta hana bangaza da jiki ga 'yan shekara 11 da 12, saboda yawan buguwar kai. Daga 2017 ta wajabta wa 'yan biyar da shida wasa a gutsuren fili, domin a filin manya mai tsawon mita 61 yaro ɗaya mai gudu ne ke riƙe faifai, saura suna binsa a banza.

Mu a nan abin da ya fi kusa biyu ne. Akwai ƙwallon gora ta ƙasa, wadda ta shigo ta makarantun gwamnati tun zamanin Turawa, har yau kuma akwai ƙungiyoyi irin su Kada Stars ta Kaduna da Niger Flickers ta Minna, ko da yake makarantu da yawa sun bar sandunan sun ruɓe a sito. Sai takalmin taya. Wanda ke bin titin Zariya da yamma zai iya cin karo da su: samari biyu ko uku, ɗaya ya kama ƙarfen bayan A Daidaita Sahu ya duƙa, na biyu ya riƙe ƙugunsa, ba hular kwano, ba komai a gwiwa, tirela na huci a bayansu. Su suka koya wa kansu, kuma sun iya. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne ƙannensu 'yan shekara bakwai da ke kallo daga bakin kwata, waɗanda ba su da wani shimfiɗaɗɗen siminti da aka killace musu a duk faɗin unguwa, ba kuma babban da zai fara koya musu faɗuwa.

Kenya daga irin wannan wuri ta taso. A 2005 otal ɗin Panari da ke Nairobi ya buɗe ɗan ƙaramin filin ƙanƙara, kuma da yawa daga waɗanda suka zama ƙungiyar Ice Lions da takalmin taya suka fara, a kan kwalta. Sun daɗe ba su da abokan karawa, sai su raba kansu biyu su buga. A 2018 kamfanin Tim Hortons ya kai su Kanada, suka shiga fili tare da taurarin NHL Sidney Crosby da Nathan MacKinnon. A shekarar ce kuma 'yan mata huɗu suka fara ɗaga tutar Najeriya a Olamfik na hunturu a Koriya ta Kudu, a wasannin zamiya da amalanke. A Satumba 2024 hukumar ƙwallon gorar ƙanƙara ta duniya ta karɓi Kenya a matsayin ƙasa ta biyar daga Afirka, bayan Afirka ta Kudu da Maroko da Aljeriya da Tunisiya.